Hannun da Zakiru Ya Zana

Zakiru mai rubuta allunan shaguna a unguwar Uhudu ta Madina, kowa ya san taurin kansa. Shekara huɗu ya yi a makarantar zane a Khartum yana saurayi, kuma can aka ɓata shi, in ji 'yarsa Sumaya. Malaminsu ba ya barin ɗalibi ya zana hannu sai ya fara da ƙashi, ya ɗora tsoka, ya bi da jijiya, fata ce ƙarshe. Da Zakiru ya zo Madina ya bar zanen mutane, shekara talatin yana rubuta "Dabino da Turare". Amma halin nan bai sake shi ba.

Sumaya mai lalle ce. Wani babban gida a unguwar Sih suka ce ta kawo samfurin zanenta ranar Alhamis, in ya yi musu ita za ta yi wa amarya da ƙawayenta. Shekara biyu tana neman irin wannan aiki. Ta roƙi uban ya zana mata hannuwa goma a takarda, ita ta cike su da furanni.

Ran Talata ta leƙa. Ƙwarangwal! Yatsu biyar, ƙashi zalla.

"Haba Baba! Hannun amarya fa na ce."

"Amaryar ba ta da ƙashi ne?"

Ran Laraba ya kai jijiya. Hannu ɗaya tal, cikin goma! Takaici ya ishe ta. Ta ce ya ɗora nata a takarda ya zagaye da fensir, khalas, shi ke nan. Ya harare ta kamar ta zage shi, wai wannan aikin 'yan firamare ne.

Alhamis da hantsi ya miƙo mata. Fata a yamutse, jijiyoyi sun taso, ƙaramin yatsa a karkace, ga tabon ƙunar mai a wuyan hannu. Ta buɗe baki za ta zazzaga masifa, sai ta gane shi. Hannun mahaifiyarta ne, wadda aka kai maƙabartar Baƙi'a bara.

"Wallahi na yarinya na so in yi," in ji shi. "Wannan ne ke ta fitowa."

Ta ɗauki biro, ta kasa ɗiga ko ɗigo ɗaya a kai. Har aka kira la'asar ba ta tashi daga wurin ba, mutanen Sih suka ba wata aikin.

Ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Kai dai Baba, ba ka iya taimakon mutum ba."