Hannun Daman Maigandi

A Argungu in ka ce Maigandi sai a tambaye ka wanne, don suna da yawa. In ka ce Maigandi mai lalube, to an gane. Basarke ne, wato masunci na gado, gaba da baya, gajere, kakkaura, kunnensa ɗaya ya toshe saboda yawan nutso. Sauran masunta suna shiga gulbi da homa da gora, shi kuwa hannu kawai yake shiga da shi. Sai ya nutse ƙarƙashin gaɓa, ya zura dama cikin ramin da bai ga ƙarshensa ba, ya fito da tarwaɗa tana watsal-watsal. Da wannan hannu ya yi aure, da shi ya gina ɗakuna uku, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata biyu.

Da shi kuma yake magani. Duk wanda kifin kurungu ya soka da ƙaya, daga bakin gulbin Matan Fada har ƙauyukan ƙetare, gidansa ake kawo shi. Sai ya ɗaure sama da wurin da igiya tamau, ya yi tsaga biyu, ya zuba garin wata saiwa da ya gada wurin ubansa, ya yi tofi, ya ce wa mutum ya tashi ya daina kuka kamar mace mai naƙuda. Kuma ana tashi. Wannan ya sa masa wani irin ji da kai wanda ni dai ban ga laifinsa ba sai daga baya. Babu maganar da ya ƙi jini kamar a ce masa ya yi hankali da ruwa. Matarsa Asiya ta faɗa sau ɗaya suna amarci, bai ci tuwonta ba kwana biyu, ba ta ƙara ba.

Sai gulbi ya fara tsufa tare da shi. Fadama ta koma shinkafa, injinan ban ruwa suna zuƙa dare da rana, ramukan da ya sani tun yana yaro suka cike da yashi. Ya kai ga yini guda cikin ruwa ya fito da abin da bai isa miya ba. Yana da shekara hamsin da bakwai aka aiko masa daga Birnin Kebbi cewa Alhaji Musaddiq na Gesse yana nemansa.

Alhaji Musaddiq mai injin gyaran shinkafa ne, kuma Maigandi ya sha kai kifi gidansa in ana suna. Mutum ne mai kirki, sai dai in idonsa ya ga abu, barci ya ƙaurace masa har ya mallake shi. Ya je umara, ya sauka wani masauki a Jidda, ya ga akwatin gilashi cike da ruwan teku, da duwatsun murjani masu rai, da kifaye kamar an yi musu fenti. Ya dawo ya ce sai an yi masa irinsa a falo. A garin da zafin bazara ke narkar da kwalta! Amma wa zai faɗa masa?

Ranar da Maigandi ya je, ya tarar da wani mutum durƙushe a falon da tef ɗin awo a hannu. Felix ke nan, mutumin Pankshin, mai shagon gilashi a Gwadangaji, wanda ya shekara ashirin yana sa wa gidajen Birnin Kebbi tagogi. Alhaji yana ta nuni da hannu, yana so akwatin ya tashi daga ƙasa har kusa da silin.

Felix ya girgiza kai. "Ranka ya daɗe, tsawo a kwance dai zan ba ka ƙafa goma. Amma zurfi ba da ido ake zaɓa ba. Wa zai riƙa wanke shi?"

"Ga shi nan," in ji Alhaji. "Baba Maigandi na. Duk ƙasar Kabi babu wanda yas san kihi awa shi."

Felix ya miƙe ya ce, "Baba, ara mini hannunka." Ya ɗora tef daga hammata zuwa kan yatsa, ya rubuta a bayan kwalin sigari. Ya ce iyakar zurfin ke nan, don abin da hannu bai kai ba datti zai zauna. Alhaji ya yi 'yar mita, ya haƙura. Maigandi ya koma Argungu ran nan yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa an auna kogin Alhaji da hannunsa.

Wata uku aka yi ana aikin. Gilashin daga Legas ya zo, kaurinsa ya kai babban yatsa, ƙarti takwas suka shigo da shi suna nishi. Felix ya haɗa shi da gam a cikin falon, ya hana kowa taɓawa mako biyu, ya sa maƙeri ya yi masa gadon ƙarfe. Aka kawo gishiri buhu-buhu, ba irin na miya ba, aka kawo injin sanyaya ruwa, aka ƙara faifan sola a kan rufi don kada wuta ta ɗauke. Daga ƙarshe duwatsu da kifayen suka iso cikin kuloli, tare da wani ɗan Legas wanda ya zauna kwana huɗu yana jera su. Ba ya jin Hausa, Felix ne ke fassara. Kafin ya tafi ya fito da safar roba doguwa har kafaɗa, ya nuna wani kifi mai zanen ja da fari, ƙayoyinsa a baje kamar gashin bushiya.

"Baba, ya ce kada ka sa hannu sai da wannan," in ji Felix. "Ya ce ƙayar wancan tana da dafi, kuma ruwan kansa ba a shigarsa da ciwo a jiki."

Maigandi ya karɓi safar da yatsa biyu, ya duba ta sama da ƙasa. "Ka ce mishi na gode," ya ce. Ya rataye ta a ƙusa bayan ƙofa, inda ta zauna har roba ta manne da juna.

Da farko raina kifayen ya yi. Yakan ce wa Asiya kifin da ba a ci ai tsuntsu ne, kuma duka akwatin in an soya bai cika faranti ba. Amma mutumin da ya yi shekara hamsin yana kama kifi cikin duhun laka bai taɓa zama ya kalli yadda kifi ke rayuwa ba. Yanzu ga shi a gabansa, cikin haske. Ya gane mai faɗa, ya gane matsoraci, ya gane wani rawaya da ke zuwa ya ci a tafinsa. Yana kwana a ɗakin maigadi, ya koma gida ran Alhamis da yamma, ya dawo Asabar. Ruwan bai taɓa gurɓacewa a hannunsa ba, ko kifi ɗaya bai mutu ba, har ɗan Legas ya yi ta mamaki a waya. Wata bakwai ya yi yana jin daɗin da ya daɗe bai ji ba.

Ran wata Alhamis da hantsi yana kankare gansakuka a bayan wani dutse, mai zanen nan yana laɓe a wurin. Ƙaya biyu suka shige shi a tsakiyar tafi. Maigandi ya san zafin kurungu, ya san girgizar minjirya, amma wannan wani abu ne daban. Sai da ya zauna a ƙasa, gumi ya jiƙa masa riga, ya ciji leɓe don kada matan gidan su ji. Da numfashinsa ya dawo ya yi abin da ya yi wa ɗaruruwan mutane. Ya ɗaure wuyan hannu da igiya, ya tsaga da reza, ya zuba gari, ya yi tofi. Sannan ya ja hannun riga ya rufe, ya ƙarasa aikinsa da hagu, ya hau motar Argungu.

Asiya ta gani da ya zo alwala. Hannun ya kumbura kamar an hura, yatsun sun yi sanyi.

"Malam, mi as same ka?"

"Kihi na. Na yi mishi magani."

"Ka kwance igiyag ga ko kaɗan. Ko mu tahi asibiti su duba."

Ya ɗago ya dube ta. "In tahi asibitin Argungu in ce musu mi? In ce Maigandi na, kihi yas soke ni? Gobe wa ka kawo min ɗanai?"

Ta yi shiru. Ta daɗe tana zargin kanta da wannan shirun, ko da yake duk wanda ya san mijinta ya san ba ta da wata hanya. Ran Juma'a ya je masallaci da babbar riga, hannun a ciki, ya gaisa da mutane da kai kamar mai sauri.

Asabar ya koma Gesse da zazzaɓi. Tsagar ta buɗe baki, gefenta ya yi ja. Ya tsaya gaban akwatin yana tunani, kuma tunanin nasa ba na wawa ba ne. Tun kakanninsa, in miki ya ƙi warkewa, ruwan gishiri ake wanke shi da shi. Ga ruwan gishiri nan ganga-ganga, mai tsabta, garau, shi da kansa yake tace shi. Sai ya kwance tsumman da ya naɗe ciwon da shi, ya tsoma hannun har gwiwa, ya bar shi ciki yana jin raɗaɗi yana cewa maganin ne ke aiki. Ya yi haka da safe, ya yi da la'asar, ya sake yi ran Lahadi. Bai san cewa ruwan da ke raya murjani yana raya wasu ƙwayoyin cuta da gulbinsu bai taɓa sani ba, kuma ya buɗe musu ƙofa da rezarsa.

Ran Litinin Felix ya zo duba gam ɗin kusurwa, kamar yadda yake yi duk wata. Wari ya fara ji. Ya sami Maigandi a ɗakin maigadi yana rawar sanyi, ya ɗaga hannun rigar ba tare da neman izini ba. Fatar ta yi baƙi har sama da wuyan hannu, da ƙuraje manya cike da ruwa.

"Yesu!" in ji Felix. "Baba, tun yaushe?"

"Shina sauƙi. Dahin na ka hita."

"Ba dafi ba ne, hannun ne yake mutuwa. Tashi."

"Felis, ka bar ni. Kwana biyu..."

Felix bai tsaya jin sauran ba. Ya ɗauke shi cak, dattijon da a da ba mai iya kayar da shi cikin ruwa, ya sa a Keke Napep. Alhaji Musaddiq ya biyo su asibiti ko hula babu, ya ce a yi duk abin da za a yi. Likitan ya duba, ya tambayi ranar da abin ya faru, aka ce Alhamis. Ya ce da an zo Alhamis ruwan zafi da allura sun isa, da an zo Asabar da an ceci yatsu uku ko huɗu. Yanzu zaɓi biyu ne, hannun ko ran.

Maigandi ya ce a bar shi ya tafi da abinsa cikakke. Asiya ce, da aka ɗauko ta daga Argungu, ta durƙusa bakin gadon ta yi maganar da ta fi kowace tsawo a zaman aurensu. Ba wanda ya ji abin da ta ce, don a kunnensa mai ji ta faɗa. Da ta gama ya juya fuska bango, hawaye na bin gefen hancinsa, ya ce to. Aka yanke ƙasa da gwiwa kaɗan.

Alhaji ya sa aka fitar da mai zanen aka jefar, kamar kifin ne ya yi laifi. Ya ce Maigandi ya dawo ko zama ne ya riƙa yi yana nuna wa wani. Maigandi ya yi godiya, bai koma ba. Felix ya zo Argungu sau biyu da lemo a leda, ya zauna yana murza hula, ya yi masa sannu ya tafi.

Bayan mako shida ya ji ƙarfin fita. A unguwarsu maza sukan haɗu ƙofar gidan ƙaninsa Hodi bayan magariba, kowane gida ya fito da tuwo, a juye a babban kwano a ci tare. Ya zo ya zauna a wurinsa, aka yi masa barka, aka matsa masa. Aka yi bisimilla, hannuwa shida suka shiga kwano. Ya motsa kafaɗar dama bisa sabo, dungun ya ɗaga cikin riga ya koma. Ya dubi hagunsa. Hannun tsarki ne, ba a sa shi a kwanon jama'a, kuma shi da kansa ya sha buge na yara a kan haka.

Ba wanda ya dube shi, kowa ya sunkuyar da kai yana tauna a hankali. Hodi ya tashi ya shiga gida, ya dawo da ƙaramin kwano da cokali, ya ɗebi tuwo daga gefen da ba a taɓa ba, ya zuba miya mai yawa, ya ajiye a gabansa.

"Yaya, ga naka."

Don ƙauna ya yi, kowa ya san haka, Maigandi ma ya sani. Ya ɗauki cokalin, tuwon ya zame ya faɗi kan tabarma. Ya sake ɗiba, ya kai baki, ya haɗiye da ƙyar. Ya yi loma uku ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Ya zauna har aka gama don kada a ce ya yi fushi, sannan ya yi musu sai da safe.

Washegari da aka fito da tuwo, Hodi ya aika a kira shi. Asiya ta leƙo daga zaure ta ce ya riga ya ci a ciki.