Albasa Ba Dangin Tumatir Ba Ce

Har gobe ban manta da ranar da na tsuguna a lambun Baba Sale ina tsinkar fure kamar marar aikin yi ba. Lokacin ina malamin gona, an ba ni ƙauyukan da ke tsakanin Balan da Ajingi. Aikinmu, ku da kuka shigo yanzu, shi ne bin manomi har gonarsa, mu ga ciwo, mu ba da shawara.

Shekara biyu tumatirin Baba Sale na yaushi yana mutuwa a tsaye, ga shi da lambun nan yake ciyar da gidansa da rani. Na duba saiwa, na ce ciwon a ƙasa yake, sai ya huta da tumatir da duk danginsa, ya sa albasa.

Ya ce, "Haba Malam! Albasa ai 'yar gidansu ce, tukunya ɗaya suke shiga. Yalo zan sa, shi ɗanye ake cinsa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san yalo zai bi sahu. Amma ni akwai naci. Na hau babur na samo furen yalo da na attarugu a lambun maƙwabcinsa, na jera su da na tumatir a tafin hannunsa.

Na ce, "Baba, dubi ƙirarsu. Masana ba da tukunya suke raba tsirrai ba, da asali ne, kamar yadda kuke bin salsala. Waɗannan kakansu ɗaya, tun zamani mai nisa suka rarrabu. Shi ya sa ciwon gidansu ɗaya. Albasa kuwa bare ce."

Ya jujjuya su, ya ce, "Yaro, kama da wane ba ta wane."

Ban tafi ba sai da ya yarda muka raba lambun biyu, rabi yalo, rabi albasa. Na yi ta zarya ina dubawa, har matarsa ta sa mini suna Na-albasa.

Yalo ya fara fure ke nan ya sunkuyar da kai. Albasa ta yi kai, ita ta riƙe gidan har damina. Da na je, Baba ya daɗe yana kallon ɓangaren da ya bushe, sannan ya ce, "Ashe albasa da tumatir maƙwabtan tukunya ne kawai. Da na cika lambun da yalo fa?"

Abin da na koya shi ne, manomi ba taurin kai gare shi ba, abincin 'ya'yansa ne a hannunsa. In ya ƙi maganarka, kada ka yi zuciya ka tafi. Nemi rabin gona.