Tsayin Nubia a Hannun Don Evelio

A unguwar Obrero ta birnin Kali, duk wanda ka tambaya inda ake ɗinka takalmin rawa, shagon Don Evelio Caicedo zai nuna maka. Shekara hamsin ke nan yana yanka fata yana buga wa takalma tafi mai sulɓi. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, wataƙila don kullum bakinsa cike yake da 'yan ƙusoshi. Ranar Lahadi kuwa, ƙarfe uku na yi zai ja ƙofa, ya sa farar riga, ya nufi zauren da tsofaffin unguwa ke rawar salsa. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ba ya fashi.

Shekara arba'in da ɗaya da mace ɗaya ya yi rawa, matarsa Nubia. 'Yar gajeriya ce, kanta iyakarsa kafaɗar mijin. Idan ya ɗaga hannun hagu ya juya ta, sai ta wulwula a ƙarƙashinsa kamar mazari. Bai taɓa gayyatar wata ba, ita ma ba ta taɓa ba shi sararin yin haka ba. Da ta rasu, ya yi wata takwas bai leƙa zauren ba. Gidan ya yi masa faɗi, Lahadi ta yi masa tsawo. Ran nan dai ya goge takalminsa ya koma.

Mata suka karɓe shi hannu bibbiyu. Amma kash! Ta farkon da ya juya, Doña Fabiola, hannunsa ya yi awon gaba da jan furen da ta soke a gashi. Ta biyu sai da ta sunkuya kafin ta wuce. Ta uku tabaraunta ne ya faɗi ƙasa. Matan nan kuwa tun Asabar suke wuni wurin mai gyaran gashi saboda Lahadi. Ka taka musu ƙafa, su yafe. Ka taɓa gashi, to ka ɓallo wa kanka ruwa. Kafin wata guda, da ya miƙa hannu sai wannan ta ce gwiwarta ta motsa, waccan ta ce yanzun nan ta zauna. Ya wuni a kujera yana kaɗa ƙafa shi kaɗai. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma san laifinsa ba. Ya ƙudura a ransa ya bar zuwa ke nan.

Ranar Talata sai ga Doña Aleida a shagon, ƙawar marigayiya, mai toya burodin rogo a bakin layi. Doguwa ce, bakinta ba ya ajiya.

"Don Evelio, an ce ka yi ritaya daga rawa."

"In ji wa?"

"In ji fuskarka. Tofar da ƙusoshin nan ka tashi, tsoho. Juya ni."

"Aiki nake yi, maƙwabciya."

"Takalmin ba zai gudu ba. Tashi!"

Ya tashi. Ta ƙirga musu taku da baki, ya ɗaga hannu zai juya ta, sai ga bayan hannunsa a goshinta, ƙwas!

"Yauwa, tsaya haka, kar ka motsa," in ji ta tana murza goshi. "Dubi inda hannunka ya tsaya."

Ya duba. Daidai haɓarsa.

"Wa kake juyawa a nan? Ni dai ban kai can ƙasa ba. Shekara arba'in kana juya mace ɗaya, hannun ya haddace tsayinta. Ko kallon wadda ke gabanka ba ka yi."

Ta kama hannun ta ɗaga shi yatsa huɗu sama da kanta. Ta ce nan zai kai shi tun kafin takun juyin ya zo, don mace ta san abin da ke tafe. Kar ya damƙe, kan yatsu ya isa. Ya zana ɗan ƙaramin zagaye, faɗin bakin faranti. "Ba injin markaɗe kake murzawa ba. Ita za ta juya kanta, kai hanya kawai za ka ba ta. Kuma kar ka sauke sai ka ga fuskarta ta dawo."

Don Evelio ya zare hannunsa ya koma kan benci. Ya daɗe yana jujjuya guduma.

"Aleida," ya ce a hankali, "in na koya wa hannun nan tsayin wata, zai manta nata. Shi kaɗai ya rage mini."

Doña Aleida ta zauna kusa da shi. Can ta share ido da gefen riga. "Ban sani ba, Evelio. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma da Nubia za ta gan ka zaune ranar Lahadi ana kiɗa, da ka sha faɗa har gida."

Ya yi 'yar dariya, don ya san gaskiya ce. Ya miƙe.

La'asar uku suka yi suna gwadawa tsakanin bencin aiki da tarin fatu. Goshinta ya ƙara shan bugu sau biyu, ta ce in ya ƙara sai ta rama da katakon da yake ɗinka takalmi a kai.

Lahadi ta zo. Ya fara da Aleida, ya juya ta sau uku lafiya lau. Sannan ya je gaban Doña Fabiola ya miƙa hannu. Ta dube shi, ta dafe furenta, ta tashi a ɗarare. Ya kalli tsayinta, ya ɗaga hannu, ta wuce sumul, fure na nan daram.

"Ashe an yi wa hannun magani!" ta ce da ƙarfi, zaure ya ɗauki dariya. Waƙa bakwai ya taka ranar, da mata biyar.

Rana ba ta faɗi ba ya dawo gida. Bai cire takalmi ba, ya tsaya tsakiyar ɗaki, don tun a hanya tsoro ya kama shi, kar a ce hannun ya manta. Ya rufe ido, ya bar hannun hagun ya tashi da kansa.

Hannun ya tsaya daidai haɓarsa. Don Evelio ya zana ɗan zagayen nan a hankali, bai sauke hannun ba sai da ya ba Nubia lokacin da za ta gama juyawa.