Rabin Ƙwaya

Shekarun baya, a cikin farin nan da ya cinye dabbobi, mahaifina yana shan ƙwayar ciwon suga. Tsohon soja ne, in lokotoro, wato likita, ya ce a sha da safe, ko sama za ta faɗo sai ya sha. Rumbunmu kuwa ya daɗe da ƙarewa. Sau ɗaya ake dama kunu a yini, nasa ma jikoki yake tura wa.

Sai ya fara jiri da zufa mai sanyi. Ran nan muka tsince shi a bayan danga, yana rawar jiki, bai gane kowa ba. Na ɗora shi a amalanke daga Dantchiao zuwa asibitin Magaria.

Lokotoro, wanda ba Bahaushe ba ne, ya tambaye shi, “Tsoho, kana cin abinci sosai?”

“Sai godiya.”

“Akwai hatsi a gida?”

“Rufin asiri dai, alhamdu lillahi.”

Mutumin ya ɗauka e aka ce masa. Ya jawo alƙalami yana cewa a ci gaba da sha yadda aka saba. Ni da ko muryar Baba na ji a zaure sai in shiga taitayina, sai na ji bakina ya buɗe.

“Lokotoro, babu ko tsaba a gidanmu. Da cikin wofi yake haɗiye ta.”

Lokotoro ya ajiye alƙalami. Ya ce ƙwayar nan aikinta sauke suga, in ta tarar da ciki fayau takan kai mutum kabari. Ya mayar da ita rabi, ya ce mu dawo ya sake dubawa.

A hanyar komawa, da muka hango gari, Baba ya dube ni.

“Yau ka tuɓe ni a gaban baƙo.”

“Baba, mutuwa fa za ka yi.”

“Da na mutu da suturata.”

Ya sha rabin, jirin ya tafi, ya ga damina mai kyau har ya aurar da ƙannena. Amma daga ranar, in yana da magana da ni, sai ya faɗa wa mahaifiyata ta faɗa mini, ko da ina zaune a gefensa.

Ban taɓa nadama ba, ko yau aka maimaita zan faɗa. Sai dai abin yana ci mini rai har gobe. Ranar da zai cika ina riƙe da hannunsa, ya dubi mahaifiyata ya ce, “Ki ce masa ya kula da gida.”