Kujera kusa da surukata

Shekara goma sha huɗu ina auren ɗiyarta, surukata ba ta taɓa ganin bakina yana motsi da abinci ba. In ta zo daga Matankari ganin jikoki, a zaure nake cin tuwo, kamar baƙo a gidana. Wata rana ta shigo ina shan mangwaro, na cusa shi cikin aljihu da ruwansa da komai. Ni kuwa Allah ya yi ni da son ciki, ba na ɓoyewa.

Sai ga ƙanen matata da ke aiki a Turai ya yi haihuwar fari, ya ce a kawo masa tsohuwa. Matata na da goyo, ni ke da fasfo da Faransanci, rakiya ta faɗo kaina. Ya ce saboda gwiwoyin Inna ya sai mana wuri a ɓangaren manya, inda kujera ke miƙewa ta zama gado, abinci kuma sai mutum ya ce ya isa. Ya turo mini taswirar jirgin a waya, ya ce in zaɓa.

Kwana uku ina nazarin taswirar nan, ko takardun ɗalibaina ban duba ba. A majalisarmu ta bakin tasha kowa ya zama gwani, alhali ba wanda ya taɓa hawa jirgi. Wani direban layin Dogon Kiriya ya ce in guji saman taya, in matsa kusa da direba. Ni damuwata ɗaya ce, inda zan ci in miƙe ƙafa ba a gaban surukata ba. Na ajiye ta a layin farko, na kai kaina layin ƙarshe.

Ƙanen ya bugo nan take. "A'a, kusa da ita za ka zamna. Wa za shi ɗamre mata ɗamara? Wa za shi yi mata magana da ma'aikatan jirgi?"

Matata ta yi dariya har da hawaye, ni raina ya ɓaci. Ina cikin jujjuya hotuna sai na gano kujeru biyu na tsakiya, da wani ɗan allo tsakaninsu da ake ɗagawa. Na zaɓe su, Inna a hagu, ni a dama. Ranar tafiya ko karin kumallo ban yi ba, ina tanadin wuri a cikina.

Muna zama a jirgi na ɗaure mata ɗamara ina kallon gefe, na ɗaga allon, na ji ni sarki. Da injin ya fara ruri, sai na ji ana ƙwanƙwasawa.

"Malam, sauke ƙyauren ga."

Na sauke. Matar da ke korar maciji da taɓarya, ga ta tsoron jirgi ya kama ta. Ta damƙi hannun babbar rigata, ba ta ko dube ni ba. Jirgi ya daidaita a sama, ba ta saki ba.

Aka zo da abinci. Naman rago ne, ƙamshinsa har ƙeya. Ma'aikaciyar ta tambaye ni, na ji bakina ya ce na ƙoshi. Inna ma ta girgiza kai. Na zauna tsaye kyam a kujerar da ke iya zama gado, ina kallon wani Bature yana suɗe cokali. Cikina kuwa ya shiga ƙugi, ba na jin injin ya rufe shi.

Da aka sake zagayowa, Inna ta yi magana tana kallon gabanta.

"Amsa muna. Ka tada ƙyauren, ba ni ganin ka, ba ka gani na. Amma ka bar min hannun riga wajena."

Na ɗaga allon, na wurga hannun rigar hagu ta samansa, ta kama. Na ci rago, na ci kifi, na ci wani abu mai zaƙi da har yau ban san sunansa ba. Na ɗan kishingiɗa ma, iya inda riga ta bari.

Sai da za mu sauka na sauke allon, na ga tirenta yadda aka kawo shi. Da hannun dama take riƙe da ni, ita kuwa ba ta ci da hagu. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba a shekara sha huɗun nan.

A dawowa ban nemi shawarar kowa ba. Na zaɓi kujerun nan biyu, na sa ta a dama. Ta riƙe hannun rigata na dama da hagunta. Na gaya wa ma'aikaciyar na ƙoshi, na zauna ina jin ƙarar cokali a bayan allo har Inna ta nemi ƙari.