Galan Ɗin Man Da Na Ɓoye Bayan Rumbu

Tun da fari in faɗa wa masu karatu, wawan labarin nan ni ne. A lokacin ina dattijon ikilisiya a Kafanchan, manomin citta mai tsohuwar mota, da ilimin firamare da nake ji da shi kamar digiri. Babbar aƙidata ita ce kowane makanike ɓarawon man inji ne: ka kai masa galan, ya zuba rabi, ya ɓoye rabi.

Ana saura mako mu kai kayan gaisuwar auren ɗana Kagoro, na kai motar sabis. Surukan sun riga sun ja mana kunne, domin mun taɓa saɓa musu rana. Kawun yarinyar ya ce in aka sake, maganar ta mutu. Da na dawo daga gareji sai na ɗauko wani galan da na ɓoye bayan rumbu, na ɗura wa injin, wai ina cike abin da aka sace. Washegari motar ta fara hayaƙi kamar ana ƙona gona, tana tari tana karkarwa. Na koma garejin ina bambami, makaniken ya duba, ya ce Baba man ya yi yawa, ya shiga ƙarƙashi ya tsiyaye a roba. A idona! Na ce a raina, yau na kama shi dumu-dumu. Ina isa gida na mayar da abin da ya cire, har da gyara. Haka muka yi ta yi, yana ragewa ina ƙarawa, na daina barci, har na yi masa barazanar 'yan sanda.

Ranar tafiya, ga akuya a but, ga matata da ɗana a baya, motar ta mace kafin mu kai gindin dutse. Ɗana yana ta duban waya. Makaniken ya zo a babur, ya zaro sandar auna mai, ya tambaya a hankali wa ke taɓa injin bayansa. Na shiga kallon tsauni. A kan babura muka ƙarasa, akuya a cinyata.

Don haka ku tsofaffi irina, in kun ba mutum aiki ku bar shi ya yi. Zargina ya kusa cinye auren ɗana. Surukan sun ci mu tarar latti kafin su karɓi kayan. Ni kuwa na miƙe zan yi musu jawabi a kan makanikan zamani, sai matata ta tari numfashina a gaban kowa:

"Zauna, Baban yara. Tun aurenmu kake ƙara wa miyata gishiri a ɓoye, kana cewa ban iya girki ba. Yau mota ta rama mini."