Ranar da Rumasa'u Ta Suturta Abby

Duk wanda ya san Hausawan Gaithersburg ya san Rumasa'u, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ba a suna, ba a walima, ba a zaman makoki sai ka gan ta a bakin tukunya, ta naɗe hannun riga tana faɗa da masu zuba gishiri. 'Yar Bichi ce. Ta yi karatun jinya a Kano, ta yi aikin asibiti har an fara tashi tsaye idan ta shigo, sannan mijinta Maitama, injiniyan ruwa, ya samu aiki a jihar Maryland ta Amurka, inda Gaithersburg yake, ya ɗauko ta da 'yarsu Ilham. Da ta zo aka ce takardunta ba su isa ba, sai ta sake zama jarrabawa tare da yaran da ta girme wa nesa ba kusa ba. Ta zauna tana ƙunƙuni, ta kuma ci. Yanzu a wani gidan kula da tsofaffi take aiki, tsofaffin suna shakkarta suna kuma son ta, yadda ake yi wa goggon da ba ta ɗaukar wargi.

Aƙidarta ɗaya ce a rayuwa: wanda ya zo maka, dole ka je masa. Ba ta yafe wa wanda ya ƙi halartar sabgarta, ba ta kuma yarda a ce ita ta yi fashin ta wani, ko da dusar ƙanƙara ake yi. Mutane suna yi mata dariya a kan wannan, amma ranar da abu ya same su ita suke fara hangowa a bakin ƙofa.

A wurin aiki ta haɗu da Abby, Ba'amurkiya haifaffiyar Baltimore da ke zaune a garin Laurel, gajeriya mai dariya da ƙarfi. Lokacin da mahaifiyar Rumasa'u ta rasu a Bichi, aka binne ta tun kafin 'yarta ta gama kuka a waya, Abby ta zo gidan. Ta cire takalmi, ta yafa ɗankwali a karkace, ta zauna a ƙasa cikin mata har aka tashi daga zaman makoki, ba ta jin kalma ɗaya daga abin da ake faɗa. Bayan shekara, ciwon daji ya kama Abby a mama, aka yanke ɗaya. Rumasa'u ce ta riƙa zarya zuwa Laurel tana wanke wurin ɗinkin, tana canza bandeji, tana ɗura mata kunun gyaɗa da faɗa. Ta ga lokacin da Abby ta lulluɓe madubin banɗakinta da tawul don kada ta ga kanta. Tun daga nan ta daina kiranta abokiyar aiki, ta koma cewa ƙanwata.

Da Abby ta warke sai ta shiga wata ƙungiyar rawa, dariyarta ta dawo. Wata rana a ɗakin hutu ta kama hannun Rumasa'u ta ce mata da Turanci, ranar Asabar za su yi wasa a wani ƙaramin zaure a unguwar Southwest ta birnin Washington, kuma karon farko ke nan da za ta hau dandali ita kaɗai.

"Burlesk ake kiransa," in ji Abby. "Ba irin abin da kika saba gani ba ne fa. Amma ina so ki zo, ke musamman."

"Rawa ai rawa ce," in ji Rumasa'u. "Ki ɗauka na zo."

To, burlesk wasa ne da mace ke hawa dandali da kiɗa da barkwanci, tana cire tufafinta ɗaya bayan ɗaya da gangan, 'yan kallo suna tafi. Rumasa'u ba ta san wannan ba. Kuma ba wai ba ta tambaya ba ne. Ta tambayi mijinta, mutumin da ya kamata ya sani, wanda ya riga ta zuwa ƙasar, wanda yake gyara wa kowa Turanci a masallaci. Sai dai ta tambaye shi a ƙarshen makon da bai kamata a tambaye shi ko sunansa ba.

Watan Oktoba ne, lokacin da wasanni ke haɗuwa su yi wa matan aure taron dangi. Ranar Asabar, Maitama yana dawowa daga sallar asuba ya zube a kujera ya kunna ƙwallon Ingila. Kafin hantsi abokansa Kamal da Fatihu sun iso, suka cinye masar da ta soya, ba wanda ya ɗago kai ya ce sannu. Da azahar aka koma ƙwallon 'yan jami'a, wadda ƙarti ke sa kwalkwali suna danne juna. Da yamma kuma akwai besbol, wasan da ita har gobe ba ta gane abin da ake jira a cikinsa ba.

Ta tsaya a gefen talabijin ta ce, "Baban Ilham, mene ne burlesk?"

"Rawa ce," ya ce, idonsa a kan allo. "Matsa kaɗan. Kai! Wannan alƙalin wasa bai da tsoron Allah!"

"Za ka kai ni dai ko? Ka san ba na tuƙi a cikin Washington."

"Zan kai ki mana. Ki shirya kawai."

Ta shirya yadda ake shiryawa idan ƙanwarka ce mai sabga. Ta sa leshi ruwan zuma, ta kafa ɗauri, ta yafa babban gyalenta, ta cika roba da cincin da dubulan, don ba a zuwa wa mutum hannu rabbana. Ta fito falo bayan la'asar. Maitama ya ce saura minti biyu a tashi. Wanda bai san ƙwallon Amurka ba zai ɗauka minti biyu minti biyu ne. Ana buga ƙwallo sau ɗaya a tsaya, a yi tallar mota, a dawo, a sake tsayawa, a yi tallar inshora. Ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Da minti biyun suka ƙare aka ce an yi kunnen doki, sai an ƙara lokaci.

"Baban Ilham, rana fa tana faɗuwa."

"Haba Maman Ilham, yanzun nan. Ai ba a fara irin waɗannan abubuwa a kan lokaci."

Wannan shi ne mutumin da ke yi wa Hausawa huɗuba a kan rashin mutunta lokaci. Ta cika ta yi fam. Ta yi sallar magariba, ta ɗauki robarta, ta buga ƙofa har hotunan bango suka girgiza, ta tuƙa kanta zuwa tashar Shady Grove ta hau jirgin ƙasa. A cikin jirgin mutane suna yaba kwalliyarta, ita ko murmushi ta kasa yi musu.

Da ta isa, wasa ya yi nisa. Da ta zo da wuri, da ta ga matan farko, da ta gane inda aka dosa, ta yi ta maza ta sunkuyar da kai ko ta sulale waje. Amma tana shiga, tana laluben kujera a cikin duhu, sai ta ji an kira sunan Abby. Ga ƙanwarta nan a ƙarƙashin fitila, cikin doguwar riga ja mai walƙiya, tana taku ɗai-ɗai. Daɗi ya kama Rumasa'u har ta manta da Maitama. Ta so ta rangaɗa guɗa, ta dai daure. Abby ta zare safar hannu ta jefar, Rumasa'u ta ce a ranta zafin fitila ne. Sai Abby ta juya baya, ta girgiza kafaɗa, rigar ta sulale gaba ɗaya ta zube a ƙafafunta.

A Bichi, idan mace tana rawa a tsakar gida zaninta ya kwance, ba a tsayawa tunani. Wadda ta fi kusa da ita a zuciya ita ke fara rugawa ta rufe ta kafin ido ya kai. Rumasa'u ba ta san lokacin da ta yar da roba ba, cincin ya watse ƙarƙashin kujeru. Ta haye matakalar gefe, ta warware gyalenta, ta naɗe Abby tun daga wuya har gwiwa daidai lokacin da take juyowa. Sannan ta fuskanci jama'a, da Hausa tsantsa, don Turancin ya gudu:

"Ku kawar da kai! Ba ku da iyaye mata ne? Marasa kunya!"

Zauren ya kece da dariya. Aka yi tafi, aka yi fito, wani ma har ya miƙe tsaye. Sun ɗauka cikin wasan ne. Sai mai kiɗa ya kashe kiɗa, dariyar ta fara raguwa. Rumasa'u ta dubi fuskar Abby, ba ta ga godiya ba.

"Sake ni," in ji Abby a hankali.

Ta zame daga cikin gyalen ta shige bayan labule. Wata ma'aikaciyar zauren ce ta riƙo Rumasa'u ta sauko da ita, ta yi mata bayani a bakin ƙofa cikin ladabin da ya fi mari ciwo. Rigar ba faɗuwa ta yi ba. An ɗinka ta ne don ta faɗi. Rumasa'u ta roƙi a bar ta ta ga Abby, aka dawo aka ce Abby ta ce a'a.

Ranar Lahadi da safe Maitama ya gyara zama, yau ranar manyan kulob-kulob ce, tun daga hantsi har dare. Rumasa'u ta zo ta fizge wayar talabijin daga bango. Ta faɗa masa abin da ya faru tun daga farko. Bawan Allah nan, maimakon ya yi salati, sai dariya ta ƙwace masa.

"Burlesk? Wai wurin burlesk kika je da leshi? Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Ban tambaye ka ba? A nan na tsaya, ka ce in matsa!"

"Wallahi ban ji ba. Da na ji ai ba zan bari ki je ba."

"Ai shi ke nan, ka kyauta. Ba ka ji ba, ba ka kai ni ba, yanzu kuma kana dariya. Mutanen da ba su san kana duniya ba sun samu kunnenka yini guda cur, ni da nake dafa maka abinci ban samu na numfashi ɗaya ba. In na rasa yarinyar nan, Baban Ilham, ban yafe ba."

Ya fara ba da haƙuri, amma ta riga ta ɗauki makulli. Duk hanyar Laurel tana tuƙi tana faɗa ita kaɗai. Ta ji haushin Maitama, ta ji haushin masu tafi, ta ji haushin Abby da ba ta fito fili ta faɗa mata ba. Wanda ya fi cin ta shi ne haushin kanta, da ta ce rawa ai rawa ce.

Abby ta buɗe ƙofa, idanunta a kumbure, ba ta ce ta shigo ba.

"Na zaci faɗuwa ta yi," in ji Rumasa'u. "A garinmu wadda ta fi son ki ita ke fara rufe ki."

"Na sani. Tun a jiya na gane." Abby ta jingina da ƙofar. "Rumasa'u, wata nawa na yi ina koyon yadda zan juyo in fuskanci mutane da wannan tabon. Duk zauren nan ke kaɗai kika taɓa ganinsa. Ke kika wanke shi. Shi ya sa na ce ki zo, don in na juyo in ga fuska ɗaya da ba za ta firgita ba. Da wata ce ta rufe ni, da na yi dariya."



"Sun ce za su sake ba ni dama watan gobe," in ji Abby. "Ba haƙuri nake so ki ba ni ba. Za ki zo ki zauna ki kalla har ƙarshe?"

Matar da ba ta taɓa ƙin zuwa sabgar kowa ba ta tsaya a kan matakalar gidan. Ta san idan ta ce to, an gama, za a rungume ta a shiga ciki a dafa shayi. Ta kuma san ba za ta iya zama tana kallon maza suna yi wa tsiraicin ƙanwarta fito ba, ko za a yanka ta. Yi wa Abby ƙarya kuwa ya fi ƙarfinta.

"Ki ce in zo in wanke miki ciwo kullum har in mutu, zan zo," ta ce, hawaye suna zubo mata. "Wannan kam ba zan iya ba."

Abby ta gyaɗa kai.

"To, na gode da kika faɗa mini gaskiya," ta ce. "Ki gaida gida."

Ta tura ƙofar a hankali har ta rufu. Rumasa'u ta ɗaga hannu za ta sake ƙwanƙwasawa, sai ta tuna ko an buɗe amsarta ba za ta canza ba, ta sauke hannun.